Sadiya Mai Jere, Wadda Ta Ƙwace Mini Soro

Halimatu Sadiya ba ta shan koko a gidanta. Duk wanda ya san ta a ƙauyen nan namu na ƙasar Bagwai ya san haka. Da ta idar da sallar asuba ta yi laziminta, sai ta ƙulle tsumma da guntuwar tsintsiya a bakin mayafi, ta kama hanyar gidan da aka kira ta jeren ɗaki. Idan ta isa ba ta taɓa komai. A shimfiɗa mata tabarma a tsakiyar ɗakin tun yana wayam, a kawo mata kokon nan, ta zauna tana kurɓa tana kallon bango har rana ta ɗaga, ta ga inda haske yake sauka da lungun da yake ƙin zuwa. Dangin amarya su yi ta leƙe, masu gaggawa su yi ta tsaki a tsakar gida, ita ko a jikinta. Sai ta shanye ta kife ludayi, sannan ta ce, "To, ku fara shigo da gado."

Haka take tun tana budurwa, tana bin mahaifiyarta da ƙullin tsumma a ka. Yanzu baya ya ƙi, gwiwa ta ƙi, 'ya'yanta sun taru sun ce ta ajiye. Kwanan baya mata suka haɗa mata 'yar walima, aka ci waina aka yi guɗa aka watse, babu wanda ya tsaya ya faɗi abin da matar nan ta yi. To ni zan faɗa.

Ni ne Dallatu magini. Ban taɓa shiga ajin boko ba, faɗa nake yi ana rubutawa, kuma na ce kada a gyara mini magana. Agana ta kama ni ina yaro, ta gaji ta sake ni. Yunwar da ta kori rabin garin nan zuwa kudu ta zo ta same ni ta tafi ta bar ni a inda nake. Na taɓa faɗowa daga kan gini a Shanono, na tashi na karkaɗe wando na koma sama. Duk maginan da muka cuɗa ƙasa tare sun riga mu gidan gaskiya, saura ni. Saboda haka idan na buɗe baki na yabi mutum, a san ba ƙaramin abu ya faru ba. Balle wannan, taubashiyata ce, 'yar kawuna, tun muna yara ba mu taɓa haɗuwa mun rabu ba tare da an yi wa juna tsiya ba.

A da, jere ba wuya. Gadon ƙarfe mai rumfa, kwalla a ɗora ta hawa-hawa har ta kusa rufi, tasoshi da samira a gefe, shi ke nan an gama. Sai zamani ya fara shigo da nasa: kabad, shogilas, leda, kujerun kushin, agogon Makka mai kiran salla, faranti mai fashewa. Masu jere suka rabu biyu. Wasu da sun shiga ɗaki sai su share tsohon kaya kaf, a kai rumbu ko a ba kaji ruwa a ciki. Wasu kuma su cusa komai da komai, ɗaki ya koma kamar rumfar ɗan koli a kasuwar Ɗanbatta, ka rasa inda za ka ajiye ido. Sadiya ce kaɗai ta iya zaunar da tsoho da sabo a ɗaki ɗaya ba su yi faɗa ba. Waɗanda suka ga ɗakin Hajiya Nana Maryam bayan ta dawo aikin Hajji suna nan da ransu, a tambaye su. Firiji ne a lungu, a kansa akushin kakarta baƙi wuluk, darduma ta Madina a bango, ƙarƙashinta taskira da fayafai, kuma wanda ya shiga sai ya rantse a kasuwa ɗaya aka sayo su rana ɗaya. Da aka tambayi Sadiya yadda take yi, cewa ta yi kaya kamar 'yan biki ne, kowa da wanda yake shiri da shi, kuma ita ba ta ajiye manya biyu a bango ɗaya.

Ni dai abin ya daɗe yana ci mini rai, ba zan ɓoye ba. Magini zai kwashe rani guda a cikin rana, ƙasa a ka, ƙasa a baki, ya tayar da ɗaki daga babu. Ita ta zo da safe da tsummanta, kafin la'asar an cika gida da guɗa ana kiran sunanta. Tun da nake ban taɓa jin an yi wa bango guɗa ba.

To ga abin da ya sa dole na yi magana.

Akwai ɗakin soro a gidana. Da hannuna na gina shi shekarar da na auri uwar yaran nan, Fadima, Allah ya jiƙanta. Ɗaurin guga ne, wato rufin ƙasa da azara da aka ɗora a kan bakuna masu lanƙwasa, suka tashi daga bango suka haɗu a tsakiya ba ginshiƙi ko ɗaya. Irinsa da yawa na gina a ƙasar nan. Ruwa ya ci wasu, magada sun rushe wasu sun kafa kwano. Wannan ne kaɗai ya rage a tsaye. Idan ya tafi, wanda aka haifa gobe ba shi da abin da za a nuna masa a ce ga aikin Dallatu.

Bara autana Abdulkabir ya tattaro daga Legas, inda ya daɗe yana sayar da kayan wuta, ya dawo gida da matarsa Aina'u. Na ba shi soron. Mota ta biyo su shaƙe da kaya: kujerun kushin shuɗɗa, tebur na gilashi wanda kana ganin ƙafarka ta ƙarƙashinsa, talabijin mai faɗin ƙyaure, kafet, labule har da wanda ba ya kare komai. Aka fara shigarwa, sai babbar kujerar ta ƙi ƙofa. Aka kwantar da ita, aka tayar da ita tsaye, aka karkata, ta ƙi. Ƙofar soro gajeriya ce, bangon kuma kaurinsa ya kai kamu biyu.

Abdulkabir ya zo ya durƙusa ya ce, "Baba, sai dai a fasa gefen ƙofar nan a faɗaɗa ta."

Na ce, "Ƙafar baka ce a wurin. Ka taɓa ta, rufin zai sauko ya same ka."

Ya sunkuyar da kai. Can ya ce, "To ai shi ke nan, Baba. Ɗakin ya yi zamaninsa. In an cire amfanin gona sai a sauke shi, in yi ginin bulo a wurin, da falo da silin."

Ba da rashin kunya ya faɗa ba, yaron yana da ladabi. Ni kuwa da ban taɓa roƙon kowa ba, ba a kan ɗan cikina zan fara ba. Na ce, "Na ba ka ɗaki, naka ne. Yi yadda ka ga dama." Ba a daɗe ba tifa ta zo ta juye yashi a ƙofar gida. Kayan Aina'u suna rumfa an lulluɓe da leda, ita tana kwana wajen matar yayansa. Ni kuma tuwo ya daina wuce mini, sai na ce wa mutanen gida haƙori ne.

Ana cikin haka wata safiya sai ga Sadiya tana dogara sanda. Ta tsaya a kaina ina zaune a gindin darbejiya.

"Sannu da jinya, bawana. An ce soronka ne ba lafiya."

"Ke ce dai ba lafiya. Dubi tafiyarki kamar ta agwagwa."

"Agwagwar dai kake nema."

"Ni ban aika a kira ki ba."

"Ai na sani. Kai da za ka nutse a rijiya, da ka kira mutum gara ka ce wanka kake yi."

Ta wuce cikin gida ta sa aka kira mata Abdulkabir. Ina jin su daga waje. Ta ce, "Kabiru, yarinyar mutane fa? Kayanta a rumfa kaji suna hawa, ita tana raɓe a ɗakin wata, har kaka? Bari in jera mata na wucin gadi. In lokaci ya yi ka rushe abinka, ni ma in zo kallo." Ya ce, "To, Gwaggo." Wa yake iya musu da ita.

Washegari ta sha kokonta a tsakiyar soron. Da ta fito, Sabo kafinta ta fara aikawa a kira. Ta sa ya kwance wa babbar kujerar ƙafafu da baya, aka shigar da ita gunduwa-gunduwa, ya harhaɗa ta a ciki. Cikin ƙananan kuma guda ɗaya ta yarda ta shiga, ta ce a kai sauran zaure. Sabo ne ya ba ni labarin yadda suka yi da Aina'u.

"Gwaggo, saiti ne fa. Ba a raba su."

"Ke ma saiti kuke da 'yan uwanki, ga shi kowacce tana gidanta. Kin mutu?"

Daga nan ta dawo kaina. Ta ce ɗakin ya cika duhu, in huda mata taga a bangon gabas, in kuma fafe hanyar da wayar sola za ta bi. Na ce bangona ba a huda shi, haka na gina shi haka zai zauna. Ta ce, "To zauna. In kaka ta yi diga za ta huda maka shi gaba ɗaya." Ta juya ta tafi. Na yini ina zaginta a cikin raina, da yamma na ɗauko sangwamina na shiga. A faɗi gaskiya, da wani ne ya taɓa bangon nan da ɗakin ya zauna masa a ka. Ni na san inda kowace azara ta kwanta. Na fitar da taga tsaf, ko tsagewa bangon bai yi ba, na sake daɓen ƙasan da makuba har yana ɗaukar ido. Wannan duk aikina ne, a rubuta.

Abin da ya fi yi mini ciwo shi ne na ƙarshe. A jikin bangon arewa akwai gurabe, manya da ƙanana, an fafe su cikin ginin. Yaran yanzu sun ɗauka wurin ajiye fitila ne, Aina'u ma har ta ce a cike su da siminti saboda ƙadangare. Babu wanda ya tuna dalilinsu sai ni da Sadiya. Kafin in gina bangon na je gidan su Fadima na auna tasoshinta da kwallayenta da igiya, na yi wa kowace gurbinta daidai jikinta. Sadiya tana yarinya ita ta riƙa miƙa wa mahaifiyarta su ranar jeren. Da Fadima ta rasu aka zo rabon gado, 'ya'yanmu mata suka ce tsohon yayi ne, ba sa so. Na kwashe na zuba a adaka na kulle, na tura ƙarƙashin gadona.

Ta same ni ina alwala ta ce, "Kawo mabuɗin adaka."

"Wace adaka?"

"Dallatu."

"Kayan matata ba abin kallo ba ne."

Ranar ce kaɗai ban ji tsiya a muryarta ba. Ta ce, "Fadima ba ta tara su don su zauna a duhu ba. Ɗanta ne zai gan su, ba baƙo ba."

Ban ce na bayar ba. Na dai ajiye mabuɗin a kan turmi na tafi gona.

Ta wanke tasoshin da toka da tsamiya har suka koma kamar ranar da aka sayo su. Ba duka ta fitar ba, ta zaɓa ne, ta bar wasu gurabe wayam, wai su ma ido yana son wurin hutawa. Ta sa aka shafa wa cikin guraben fenti shuɗi irin launin kujerar, sauran bangon ta bar shi da farar ƙasarsa. Talabijin ta kai shi bangon yamma shi kaɗai, ta ɗora shi a kan adakar nan. Teburin gilashi ta aza shi a kan tabarmar kaba mai rini, saƙar tana fitowa ta cikin gilashin. Kafet ta shimfiɗa iya gaban kujera, sauran daɓen ta bar shi a buɗe. Labulen Legas ta sa almakashi ta raba biyu, Aina'u har da ƙwalla, rabi ya tafi ƙofa rabi ya tafi sabuwar taga. Da Abdulkabir ya ce ko a ɗan buga silin na roba a rufe saman, ta ce sai dai bayan ranta. A tsakiyar rufin, inda bakunan suka haɗu, akwai farantin tasa da na manna tun ranar gini. Nan ƙarƙashinsa ta sa aka rataya ƙwan sola.

Sau ɗaya na ga ɗakin a gama, da la'asar, kafin yarinyar ta tare. Na tsaya a bakin ƙofa. Ba zan ce bai yi kyau ba, ina tsoron Allah. Kujerar Legas tana zaune a ƙarƙashin rufina kamar don ita na yi shi. Na fito na ce wa Sabo ba laifi.

Tun daga ranar gidana ya zama kasuwa. Mata daga ƙauyukan kewaye suna zuwa da sunan sannu da zuwa, alhali kallo ya kawo su. Abokan Abdulkabir suka zo daga Kano, suka yi ta ɗaukar hoto da waya, wannan ya zauna a kujera, wancan ya tsaya jikin tasoshi. Ina zaune a ƙofar gida da suka fito, na ji ɗaya yana cewa, "Wai wa ya yi wannan aikin?" Yara da manya suka haɗa baki, "Gwaggo Sadiya." Ga ni nan zaune, tsakanina da su bai fi a miƙa hannu ba. Suka gaishe ni, "Sannu Baba," suka shiga mota. Ko ɗaya bai tambayi wanda ya ɗaura rufin da ya gama ɗaga kai yana kallo ba.

Ke ce kika yi mini haka, Sadiya. Ke ce kika shigo da tsumma da guntuwar tsintsiya kika kwashe sunan aikin da na yi da ƙarfin ƙuruciyata. Ke ce mai ido, uwar ɗakin amare, wadda ba ta taɓa cewa a zubar da kayan kowa ba don ya tsufa, ba ta kuma taɓa raina na wani ba don sabo ne. Na so in sami inda kika kuskure a ɗakin nan in riƙa yi miki gori har mu mutu, na duba ban samu ba.

Kaka ta yi, aka yanke gero aka kai rumbu. Duk yabon da ake yi ban ji Abdulkabir ya ce ya fasa ba, yashi kuma yana nan a ƙofar gida. Wata safiya sai ga Muntaka birkila da leburorinsa, kowa da diga da shebur a kafaɗa, don tun da damina aka yi maganar ranar da su. Na ɗauko wata igiyar shanu na zauna ina tufka, ba don tana bukatar gyara ba. Muntaka ya gaishe ni yana kawar da kai, ya san abin da ya zo yi.

Abdulkabir ya fito suka gaisa. Muntaka ya ce, "Sai a fara fito da kayan, mu hau sama tun rana ba ta yi zafi ba."

Ya ce, "Ina zuwa." Ya koma ciki.

Ya daɗe. Matar yayansa ce ta faɗa daga baya cewa Aina'u ta zauna a kan kujerar nan ta ce ita ba inda za ta, ɗakin da ta yi bazara a cikinsa ba ta nemi fanka ba, in ana son rushewa a rushe da ita. Shi kuma yana tsaye gaban bangon arewa, ya ɗauko wata ƙaramar tasa da uwarsa take zuba masa fura yana yaro, yana jujjuya ta. Ni ban gani ba, igiyata nake tufka.

Ya fito ya ce, "Malam Muntaka, ku zo mu zaga baya. Wajen tsohon garken awaki za a haƙa harsashin, can za a yi falon."

Muntaka ya ce, "To wannan fa?"

Ya ce, "Soron Gwaggo Sadiya? A bar shi."

A gabana ya faɗa. Ɗan da na haifa, a ƙofar gidana, a kan ɗakin da aka haife shi a ciki. Na buɗe baki zan gyara masa, sai na ga leburori sun juya da digoginsu sun nufi bayan gida, na rufe bakina. Ranar na ci tuwo malmala biyu.

Yanzu soron yana nan a tsaye, an yi masa sabon yaɓe, kuma kowa a garin nan da sunanta yake kiran sa. Ita tana shiga ta miƙe ƙafa a kan kushin a dafa mata shayi. Ni kuwa ɗakin suruka ne, ba ni da damar ko leƙawa, sai dai in wuce ta gefe in ji muryarta tana dariya a ciki. Na san da ni take.

Ku 'yan matan da kuka karɓi sana'ar jere a hannunta, ku yi koyi da ita. Ku zauna ku kalli ɗaki kafin ku taɓa shi. Kada ku kori kayan kaka don na kanti ya zo, kada kuma ku hana yarinya abin zamaninta, ku nema wa kowanne wurin zamansa. Ku kuma samari masu dawowa daga birni da mota cike da kaya, kafin ku kira mai diga ku kira mai jere.

Halimatu Sadiya, 'yar kawuna, Allah ya ba ki lafiyar bayan nan, ya sa ki gama da duniya lafiya, ya saka miki da gidan da ya fi duk wanda kika taɓa jerawa. Kin tsayar mini da abin da ni da ƙarfina da bakina na kasa tsayarwa, kin kuma tafi da sunansa. Na auna, na ga gara ya tsaya da sunanki da ya faɗi da nawa. Na gode. Kuma kada ki sa ran zan maimaita idan mun haɗu.